Sautin jirgina na ɗaukewa a mahaɗar layi

Jama'a, don Allah a taimaka min. Ina da ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, samfurin na dizal, na sikelin HO, wato 1:87 na girman na gaske, mai dikodar DCC (ƙaramar na'urar da ke karɓar wuta da umarni ta layi tana sarrafa jirgin) da sauti. A miƙaƙƙen layi ras yake tafiya, har da hon. Amma da ya hau mahaɗa (inda layi ke rabuwa biyu) a hankali, sai fitila ta ƙifta, sauti ya ɗauke, injin ya sake tashi kamar yanzu aka kunna shi. Abin ya ishe ni.

Na goge layin da tayoyin tas, na mayar da dikodar saitinta na asali ta CV8 (lambar da ake sake saiti da ita) har ta koma adireshi 3 da take zuwa da shi, duk a banza.

Kafasitar ajiyar wuta zan saka masa (wurin ma a matse yake), ko mahaɗar zan sauya, tunda tsakiyarta roba ce, ba ta ɗaukar wuta?