Buhun Siminti a Hammata: Musayar Waƙa kan Kuɗin Makaranta

Uwar Biyar:
Assalamu alaikum. Da safen nan na raka autana firamaren unguwarmu a nan Kano, na dawo raina a ɓace. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ta".

Da sunan Allah na buɗe waƙata,
Kukan uwa ne a kan makaranta.

Autana ya naɗe buhun siminti,
Kujerarsa ke nan, yana ɗauke a hammata.

Kwanon ajinsu iska ta yaye tun bara,
Hadari na haɗowa a ce kowa ya fita.

Allo ya koɗe, da baƙin batir ake shafe shi,
Na baya ba ya ganin abin da aka rubuta.

Ni ke sayen alli, ni ke sayen tsintsiya,
Ku gaya mini jama'a, ina ne kyauta?

Malamin Aji Huɗu:
Hajiya, kukanki ya iso, nawa ne ni ma,
A irin ajin nake wuni, muryata ta dushe ta ɓata.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE tana nan tun 2004,
Shekara tara dole, kuma ta ce kyauta.

Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya,
Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC ke riƙe shi, don yaranmu aka tanadar mata.

Amma da sharaɗi, Hajiya, ki ji shi sosai:
Sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa, ta cika nata.

Jihar da ta yi jinkiri, rabonta na can Abuja,
Yana kwance, yara na ƙasa cikin ƙazanta.

Baban Tagwaye:
Malam, ka yi bayani, Allah ya saka. Sai dai ni na daɗe ina jin shela.

2019 aka ce karatu a Kano kyauta ne kuma tilas,
Muka yi murna, muka ce wuya ta kwanta.

Yunin 2024, Gwamna Abba ya sa dokar ta-ɓaci kan ilimi,
Na yaba, don ciwon da aka faɗa shi ake magance cuta.

Amma adadi a takardar kasafi daban ne,
Sakin kuɗin shi ne abin da nake buƙata.

Tagwayena biyu, littafin karatu ɗaya,
Wannan ya ja, wancan ya ja, har ya yage ya ɓata.

Kakan Yara:
'Ya'yana, da ƙuruciyata aka yi UPE, shirin firamare ga kowa, a 1976,
Aka kwashe mu gida-gida, iyaye na ɓoye 'yan mata.

Yau iyaye ke kai su da ƙafarsu,
Kada a mayar da su gida don babu wurin zama a makaranta.

Uwar Biyar:
Baba, ka sa ni hawaye wallahi,
Ni ce yarinyar da aka ɓoye, da girmana na koyi karanta.

Malam, tunda majalisar jiha ke amincewa da kasafi,
Ɗan majalisarmu ƙuri'armu ya ci, har da tawa da ta ƙawata.

SBMC, kwamitinmu na kula da makaranta, ya zauna ranar Asabar,
Mu ƙirga marasa benci, aji-aji, mu rubuta.

Mu ɗauki hoton rufin, mu ɗauki na masai,
Kowa ya sa hannu, mai dangwale ya dangwala a takardar tata.

Ranar sauraron jama'a kan kasafi mu cika zauren,
Mu tambayi nawa aka ware, nawa ne kuma ya fita.

Baban Tagwaye:
Yaya, na karɓa, ki sa sunana a farko,
A Daidaita Sahuna zan kwashi iyaye mata.

Malamin Aji Huɗu:
Rajistar aji na hannuna, zan zo da ita Asabar,
Bayan la'asar, gindin darbejiyar makaranta.

Hajiya, ki taho da buhun autan naki,
Shi za mu ɗora a teburin majalisa, kusa da takardarmu da muka rubuta.