Idan Barista ya zama ciyaman, wa zai tsaya mana a kotu?

Baba mai shayi: Salamu alaikum jama'a. Na ji an ce Baristan unguwarmu zai nemi kujerar ciyaman. Ni dai a ganina duk lauyan da ya shiga siyasa, talaka ya rasa shi ke nan. Ina ƙaunar yaron nan, amma ban goyi baya ba.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Baba, ka faɗi abin da ke raina. Shekarun baya aka yi kame a layinmu nan Tudun Wada, aka haɗa da ɗana yana dawowa daga wurin koyon walda. Kwana uku ina zarya da kwanon abinci, ana cewa in kawo kuɗin beli. Barista ya zo bayan isha'i, silifas ne ma a ƙafarsa, ya ce musu beli kyauta ne, kuma doka ba ta yarda a tsare mutum fiye da awa 24 ba a kai shi gaban alƙali ba matuƙar akwai kotu kusa. A daren na koma gida da ɗana. Na kwance dubu biyar daga bakin zanena na miƙa masa, ya ce in saya wa yaron magani. Wannan mutumin za mu sallama wa jam'iyya?

Malamin firamare: Hajiya, Allah ya saka masa. Amma yara nawa zai fitar shi kaɗai? Ajina ɗalibai sun fi ƙarfin bencina, asibitin unguwa babu magani, kuma duk aikin ƙaramar hukuma ne. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma hana naɗa kantomomi. Cikin ƙananan hukumomi 23 na jiharmu ta Kaduna, ina so a samu ciyaman ko ɗaya da zai karanta hukuncin nan da kansa ya san haƙƙinsa.

Ɗaliba daga Kongo (harabar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya): Gafarta Malam, akwai abin da ya kamata a sani. Tsarin Mulkin 1999, a jadawali na biyar, ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a tasa, sai noma kaɗai, kuma shugabannin ƙananan hukumomi suna cikin jerin. Wato ranar da aka rantsar da shi, ya ajiye rigar kotu har wa'adinsa ya ƙare. Ta wannan fuskar Baba yana da gaskiya.

Baba mai shayi: Kun ji ko? Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Kawu: Ni abin da ke damuna daban ne. Ina saurayi aka tsige Gwamna Balarabe Musa na Kaduna a 1981. Mutum mai gaskiya, amma majalisa tana hannun jam'iyyar adawa ta NPN, ko kwamishinoni ba su bari ya naɗa ba. Ilimi da gaskiya ba su hana a yi wa mutum taron dangi. Barista yana da kansilolin da za su tsaya masa? Ko dai so ake a jawo shi ya zama mai kare jam'iyya a kotun ƙararrakin zaɓe?

Malamin firamare: To Kawu, in kowane mutumin kirki ya ji wannan tsoron, wa za mu bar wa kujerar? Shekara biyar ya yi a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, kuma bai gudu Abuja ba, yana nan cikinmu.

Hajiya: Malam, ba na ƙin ci gabansa, wallahi. Amma a tambaye shi wa zai bar mana a ofishinsa. Yana da yara lauyoyi biyu, za su ɗaga waya ƙarfe goman dare kamar yadda yake yi?

Kawu: Wannan tambaya ce. A gayyato shi ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidana, ya amsa da bakinsa.

Baba mai shayi: Zan zo, da yardar Allah. Amma har yanzu ina kan bakana.