Za a kai ajinmu tsohuwar masana'antar giya ta Weihenstephan: in je ko in ba da uzuri?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina digiri na biyu kan sarrafa abinci a reshen Jami'ar Fasaha ta Munich da ke garin Freising, a Jamus. A kan tudun da makarantarmu take akwai masana'antar giya ta Weihenstephan, wadda masu ita ke cewa tun 1040 ake dafa giya a wurin. Yanzu an sa ziyarar wurin cikin wani darasinmu, kuma na ji an ce a ƙarshe ana zama a ɗanɗana.

Ni ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba da yardar Allah. Sai dai bincikena kan tsiron dawa ne, yadda za a sa garinsa a kokon yara ya tsinke, yaro ya sha da yawa ba tare da an cika masa ruwa ba. Kuma gaskiya masu dafa giya sun fi kowa sanin sirrin tsiron hatsi. Zuciyata ta rabu biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wurin nan, me ake nunawa?

Yaya Hajara (Augsburg):
Wa'alaikumus salam ƙanena. Na shiga lokacin da nake karatu a nan yankin. Asalin wurin gidan ibadar Kirista ne na masu zuhudu, a 1803 gwamnatin Bavariya, jihar da Freising ke ciki, ta karɓe, har yau kuma nata ne. Za su ba ka labarin dokar 1516 da ta ce ruwa da sha'ir da furen hops kaɗai za a sa a giya. Ba ta ambaci yis ba. Hops ɗin nan wani tsiro ne mai yaɗo, furensa ke kawo ɗaci ya kuma hana abin lalacewa da wuri. Idan ka yi arewa kaɗan da Freising zuwa yankin Hallertau za ka ga gonakinsa, yana hawa waya har kusan mita 7.

Inda za ka buɗe kunne shi ne ɗakin dahuwa. Tun kafin hatsin ya iso nan ake jiƙa sha'ir, a bar shi ya tsiro kwanaki, a busar da iska mai zafi, sannan a nan a ɓarza a dama da ruwan ɗumi. Ba a barin zafin ya hau yadda ya ga dama. Sai a tsayar da shi wajen digiri 63 a ma'aunin Celsius na ɗan lokaci, a ƙara zuwa wajen 72, don kowane mataki akwai sinadarin cikin tsiron da ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari. Damun da ka gani da kauri, kana tsaye zai tsinke ya zama ruwa mai zaƙi, ƙamshin dafaffen hatsi ya cika ɗakin. Har zuwa nan babu abin maye ko kaɗan. Sai an tace, an tafasa da hops, an huce, an zuba yis, sannan yake zama giya. Wannan tsinkewar ita kake nema a kokonka.

Malam Sani Gwammaja:
Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni dai ina ganin kada a yi wa lamarin riƙon sakainar kashi. Akwai hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta, akwai kuma wanda ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Kai ba yi za ka je ba, na yarda, amma zaman ɗanɗanon nan ka nisance shi gaba ɗaya, ko da ruwa za a ba ka. In da hali ma ka tambayi malaminka ko akwai masana'antar da tsiron kawai take yi, ba ta dafa giya. Ai ilimin da kake so a can ya fi yawa. Ka kuma tuntuɓi limamin da ka yarda da shi a can Jamus, wanda ya san halin da ɗalibai ke ciki.

Ladi 'yar Zonkwa:
Ni Kirista ce, kakata kuma burkutu take yi, da shi ta biya wa babana makaranta. Abin da Yaya Hajara ta faɗa duk na gan shi a tsakar gida. Za ta jiƙa jar dawa ta kwana, ta tsane, ta baza a ɗaki mai duhu ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana uku zuwa huɗu saiwa ta fito fara fat ta sarƙe da juna, sai ta sa hannu ta wargaza ta shanya a rana. Daga nan niƙa, damu, dahuwa a manyan tukwane, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, in ya huce ta zuba ragowar na jiya don ya tashi. Ba ta da ma'aunin zafi, da yatsa take ganewa. Dusar kuma aladu da awaki ke ci.

Abin da nake so ka sani, tsiron dawa ba ya aiki daidai da na sha'ir. Sitacin dawa sai an kai shi zafi sosai yake narkewa, a wannan zafin kuma sinadarin tsiron ya riga ya mutu. Shi ya sa mata ke barin damun ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye, su dafa na ƙasa, sannan su haɗa. Kamfanonin Najeriya ma sai da suka koyi wannan bayan an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma wa dawar arewa, har da ta lemun malt da kowa ke sha a biki. Kuma ka kula, saiwa da ɗanyen tsiron dawa suna da guba, a murje su a fece kafin niƙa, balle abin da jariri zai sha.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama Ladi, batun tsiyaye ruwan sama ya ba ni haske, zan gwada da kaura da farfara in ga bambanci. Malam Sani, na yi magana da malaminmu yau, ya ce ɗanɗanon ba ya cikin abin da ake ba da maki, ina iya fita bayan ɗakin dahuwa. Ya ce suna da wadda ba ta da barasa in ina so.

Yaya Hajara (Augsburg):
Waccan ma ka bar ta. A Jamus abin da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa, yana iya ɗauke da barasa har 0.5 cikin ɗari. Ka sa takalmi rufaffe, akwai hawa da sauka kuma ƙasa na da santsi, ka je da tambayoyinka a rubuce don mai zagayawa da ku ba ya daɗewa a wuri ɗaya.