Harajin Makarantu a Ohio: Abin da Za a Duba Kafin Ƙuri'a

A jihar Ohio ta Amurka, yawancin ƙarin harajin gidaje domin makarantun gwamnati sai jama'a sun amince da shi ta ƙuri'a. Ga abin da ya kamata a duba kafin a kaɗa irin wannan ƙuri'a.

Fara da lissafi. Ana auna harajin da abin da suke kira "mill", wato dala ɗaya kan kowace dala 1,000. Amma kashi 35 cikin ɗari na darajar gida kawai ake yi wa haraji. Gidan dala 200,000 ke nan ana lissafa shi a 70,000, don haka ƙarin mill 5 zai ci dala 350 a shekara. Nan mutane suka fi yin kuskure: su ɗora lissafin kan cikakken kuɗin gidan, su tsorata a banza.

Sai a duba ko sabunta tsohon haraji ne ko sabon ƙari. A kuma bambance kuɗin gini, wanda bashi ne da ake biya shekaru da yawa, da kuɗin albashin malamai da motocin ɗalibai. Kuɗin gini ba ya biyan albashi.

Masu ƙorafin cewa makarantu ba sa gajiya da roƙo su tuna dokar 1976, wadda ta hana kuɗin yawancin harajin da aka amince da shi ta ƙuri'a ƙaruwa idan darajar gidaje ta tashi. Tsada na hawa, kuɗin da irin wannan haraji ke kawo wa makarantu na tsaye.

Dattawa masu shekara 65 zuwa sama da ƙaramin samu su nemi rangwame a ofishin odita na gundumarsu. Mai haya ma kada ya ce ba ruwansa, mai gida kan ɗora masa a kuɗin haya.