Shawarwari ga mai son sanin tarihin Digital Underground

A wata tattaunawa da masu bibiyar kiɗan hip hop suka yi kan ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Digital Underground, shawarar da ta fi rinjaye ita ce kada a fara da ƙungiyar kanta, a fara da kiɗan funk (salon kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka) na mawaƙi George Clinton da ƙungiyarsa Parliament-Funkadelic na shekarun 1970, domin daga can ne Shock G, wanda sunansa na gaskiya Gregory Jacobs, ya ɗebo amon da ya kafa ƙungiyar a kansa a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1987. Wanda kunnensa bai saba da wannan amo mai nauyi ba zai ɗauka barkwanci kawai suke yi, alhali akwai gwaninta a ƙarƙashinsa.

An kuma ja hankali kan Humpty Hump, mutumin nan mai hancin roba da tabarau da murya ta hanci, cewa Shock G ne da kansa, ba wani mawaƙi daban ba, kuma da wannan kama ce ya rera The Humpty Dance wadda ta yi tashe a 1990.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun shahararren mawaƙin rap Tupac Shakur, wanda ya fara da rawa da ɗaukar kaya a ƙungiyar kafin a ji muryarsa a waƙarsu Same Song a 1991. Mafi yawan mahalarta sun nuna rashin jin daɗinsu da yadda ake mayar da ƙungiyar matakalar Tupac kawai, kuma ina tare da su, domin kundin waƙoƙin ƙungiyar mai suna Sons of the P, wanda George Clinton ya sa murya a cikinsa, ya isa a saurare shi don kansa. Shock G ya rasu a Afrilun 2021.