Tambaya: Da wane kaya ya kamata a ƙera babban samfurin tankar yaƙi a gida?

Mai Zarto ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina harhaɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi na roba masu ma'aunin 1/35 (wato an rage tsawon ta ainihi sau 35), irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya manna su ya yi musu fenti. Yanzu ina so in ƙera babba da hannuna tun daga tushe, a ma'aunin 1/6, wadda za ta yi tafiya da rimot a tsakar gida. Wadda raina ya fi kwantawa da ita ita ce Tiger I ta Jamus, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, domin bangon jikinta a miƙe yake, kuma ina ganin yankansa ba zai ba da wuya ba. Na ga irin waɗanda kamfanin Armortek na Ingila yake sayarwa, na ƙarfe zalla, amma kuɗinsu da na dakonsu sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Kayan aikin da nake da su zarto ne da injin huda da sanfefa, ba ni da injin walda. Ina neman shawararku a kan abin da zan yi gangar jiki da shi, da yadda ake samar da sarƙar da take tafiya a kai, da kuma irin motar lantarkin da za ta iya jan ta. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka sayi ko falle ɗaya na katako, ka zauna da biro da takarda ka yi lissafin nauyi, domin nauyi ne zai zaɓar maka kayan aiki, ba sha'awa ba. Idan aka rage tsawon abu sau 6, faɗinsa da tsayinsa ma suna raguwa sau 6, don haka girmansa gaba ɗaya yana raguwa sau 216. Tiger I ta ainihi tana da nauyin tan 57 ko kusa da haka, kuma idan ka raba wannan da 216 za ka samu kimanin kilo 260. Ma'ana, samfurin da aka yi da ƙarfe mai kaurin da ya yi daidai da na ainihi ba abin da mutum biyu za su ɗaga ba ne. Wanda zai yi aiki a gida shi kaɗai ya kamata ya sa wa kansa iyakar kilo 30 zuwa 40, kuma wannan iyaka ita ce ke nuna cewa gangar jiki ta zama ta katako ko ta roba, a bar ƙarfe ga wuraren da ke ɗaukar wahala kawai.

Sai maganar Tiger ita kanta. Gaskiya ne bangonta a miƙe yake, amma wahalarta tana ƙasa, inda ido ba ya fara sauka. Tana da sandunan ɗaukar tayoyi 8 a kowane gefe, kuma a ƙirar farko tayoyi 24 ne a kowane gefe, suna shiga cikin juna layi-layi, wato tayoyi 48 ke nan da dole kowace ta zauna daidai da 'yar'uwarta, ga kuma sarƙa mai gaɓoɓi 96 a kowane gefe. Idan taya ɗaya ta kauce da milimita biyu, za ta riƙa gugar maƙwabciyarta har sarƙar ta fita. Shawarata ita ce ka fara da T-34 ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka soma ƙerawa a birnin Kharkiv na Yukren a 1940. Manyan tayoyinta 5 ne kacal a kowane gefe, tsawon gangar jikinta kusan mita 6 ne, faɗinta mita 3, don haka samfurinka zai zama kusan mita ɗaya a tsawo da santimita 50 a faɗi, kuma zai wuce ta ƙofar ɗaki ba tare da matsala ba. Jikinta ma fallaye ne miƙaƙƙu, sai dai a jingine suke. Fallen gaba yana karkace da digiri 60 daga tsaye, kuma abin da ake bukata kawai shi ne a gurje bakin katakon ya bi wannan karkata kafin a manna.

Ga gangar jiki ta ƙasa, ka nemi katakon filawud mai kyau na milimita 12, ka haɗa shi da gam ɗin kafinta da sukurori, ka ƙarfafa kusurwoyin daga ciki da ƙananan sanduna. Sashen sama kuwa filawud na milimita 4 zuwa 6 ya wadatar, ko kuma farin allon roba na PVC da masu yin allunan talla ke amfani da shi, wanda wuƙa mai kaifi ke yankawa, ba ya shan ruwa, gara kuma ba ta cin sa. Ka guji allon MDF duk da sauƙin kuɗinsa da santsin fuskarsa, domin da ya ji damshin damina sai ya kumbura, sukurori kuma ba sa kama gefensa da kyau. Abu mafi muhimmanci shi ne tsarin aikin: ka gama ƙasa tukuna, ka ɗora mata buhun yashi mai nauyin abin da zai hau kanta, ka tuƙa ta a kan tsakuwa da gangare har ka gamsu, sannan ka fara tunanin igwa da ado.

Ɗan Panteka ya rubuta:

Na yarda da Baba Injiniya a kan zaɓen T-34, amma da izininsa ina da ja a kan barin ƙasan tankar ya zama katako zalla. Sandunan tayoyi suna jijjiga ba dare ba rana, kuma ramin da aka huda a filawud yana faɗaɗa a hankali har taya ta fara kwanciya gefe. Malam Mai Zarto, ko da ba ka da injin walda, ba ka rasa mai walda a unguwarku; ka sa ya haɗa maka ƙaramin firam na ƙarfen kusurwa mai tsawon gangar jikin, a ɗaure sandunan tayoyi da motocin lantarki a kansa, sannan akwatin katakon ya zauna a bisa da noti. Ƙarin nauyin ba zai wuce 'yan kiloli ba, kuma yana ƙasa, inda ake son nauyi ya kasance. Kowace taya, wadda faɗinta zai kai kusan santimita 14, a sa mata boris guda biyu, a naɗa mata bakin roba da aka yanko daga tsohon tib.

Game da sarƙa, hanya biyu na sani da ke aiki. Ta farko ita ce a ɗauki sarƙar keke ko ta babur layi biyu a kowane gefe, a ɗaura musu ƙananan fallayen alminiyam ko na roba mai tauri a gicciye, ta yadda taya mai haƙora irin tasu za ta ja su kai tsaye. Wannan hanya ba ta da tsada kuma tana da ƙarfi, aibinta kawai shi ne wanda ya san T-34 zai gane ba ita ba ce da kallo ɗaya. Hanya ta biyu ita ce zubi. Sarƙar T-34 mai faɗin milimita 500 tana da gaɓoɓi 72 a kowane gefe, iri biyu suna bin juna, ɗaya mai ƙaho a tsakiya, ɗaya marar ƙaho, kuma tayar da ke ja tana baya, tana kama ƙahonin ne da 'yan sanduna masu juyawa, ba da haƙora ba. A ma'aunin 1/6 kowace gaɓa za ta zama kusan santimita 8 a faɗi da 3 a tsawo. Sai ka sassaƙa samfur biyu da katako mai tauri, ka goge su sumul, ka kai wa masu zubin tukwanen alminiyam, irin waɗanda muke da su a Panteka a nan Kaduna da sauran manyan garuruwa, su danna su a ƙasar zubi su fitar maka da 144 da 'yan ƙari. Ka sa samfurin ya ɗan fi awon girma kaɗan, domin alminiyam yana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari idan ya huce. Kada ka bari a zuba ramukan da ƙusar haɗa gaɓoɓi za ta bi; ka huda su da kanka bayan zubi, ka kuma yi wani ɗan katako mai riƙe gaɓa a wuri guda domin kowane rami ya faɗa inda na baya ya faɗa. A nan ne aikin yake cin lokaci, kuma a nan ne ake gane wanda zai gama.

Ga motar lantarki, marasa kuɗi da yawa sun fi amfani da motar da ke juya waifar gilashin tsohuwar mota, guda biyu, ɗaya ga kowace sarƙa, da batir mai bolt 12. Tana da ƙarfin ja, amma ba ta da gudu: idan tana juyawa sau 60 a minti, tayar ja kuma faɗinta santimita 10 ne, tankar za ta yi kusan mita 19 a minti, wato ɗan sama da kilomita ɗaya a awa. A tsakar gida wannan ya isa. Sai dai ka kula da abu guda, wanda ya ƙona wa mutane da yawa na'ura: a yawancin motocin waifa, waya ɗaya a haɗe take da jikin motar, don haka idan ka ɗaura biyu a kan firam ɗin ƙarfe ɗaya, ka sa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, wuta za ta haɗu. Dole a buɗe motar a raba wannan waya da jikin, a kuma sa fiyus kusa da batir.

Uwar Fenti ta rubuta:

Ni abin da zan ƙara ya shafi ɗakin igwa mai juyawa da kuma fenti. A T-34-85, nau'in T-34 da ya fito a 1944, ɗakin igwa zubi ne, gefensa a lanƙwashe, don haka ba ya yiwuwa da fallayen katako. Ana jera allunan soso mai tauri a manna, a sassaƙa siffar da wuƙa da sanfefa, sannan a lulluɓe da zaren gilas da ruwan gam ɗinsa. Amma ruwan poliyesta, wanda shi aka fi samu a kasuwa, yana narkar da farin soso nan take, don haka sai dai a yi amfani da ruwan gam na ifoksi, ko a fara rufe soson ruf da takarda da gam ɗin kafinta. Bayan ya bushe, fotin masu gyaran jikin mota yana cike ramuka, kuma idan aka daddanna shi da tsohon buroshi kafin ya daskare yana ba da kaushin nan na zubabben ƙarfe da ake gani a hotunan tankokin ainihi. Bututun ruwa na roba yana yin igwa mai kyau marar nauyi. A yi wannan aiki a waje, da abin rufe hanci, domin ƙurar zaren gilas da warin fotin suna cutar da ƙirji.

Katako kuwa a shafe shi da abin rufe fuskar katako ciki da waje kafin fenti, a goge, a sake shafawa, har sai zanen jikinsa ya ɓace, domin babu abin da ke tona asirin samfuri kamar a ga layin itace a inda ya kamata a ga sulke. Launin tankokin Sobiyet na lokacin kore ne da suke kira 4BO, kuma fenti marar sheƙi ake so. Idan za ka sa a buga maka ƙananan kaya da injin buga abubuwa na 3D, ka guji robar PLA, wadda ke fara laushi a zafin da bai wuce digiri 60 na ma'aunin Celsius ba. Koren abu mai duhu da aka bari a ranar bazara yana iya kaiwa kusa da haka. Robar PETG ta fi jure zafi.

Mai Zarto ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, Malam Ɗan Panteka da Hajiya. Na karɓi shawarar T-34 da firam ɗin ƙarfe, kuma zan fara da sarƙar babur, in ajiye maganar zubi sai tankar ta yi tafiya. Abin da ya rage mini shi ne ko dole ne tayoyin su kasance a kan sifirin, ko kuwa zan iya ɗaure su tsam a jikin firam ɗin don in rage wa kaina aiki.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Za ta yi tafiya ko babu sifirin, ɗana, amma a kan daɓen siminti kawai za ka ji daɗinta. Da ta hau dutse, nauyin duka zai koma kan taya ɗaya, sarƙa ta saki a wani wuri ta ɗaure a wani, kuma a nan take zamewa. T-34 tana amfani da tsarin Christie, inda kowace taya ke kan hannu mai lilo, da dogon sifirin a cikin bangon jiki, kuma wannan tsari yana da sauƙin kwaikwayo: ɗan guntun ƙarfe mai tsawon santimita 6 zuwa 8 a matsayin hannu, da sifirin irin na bawul ɗin inji ko wanda ya fi shi laushi. Ka raba nauyin tankar da tayoyi 10, ka gwada sifirin a kan sikeli, ka zaɓi wanda wannan nauyi zai danne shi da kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa. Na gaba da na baya su ɗan fi na tsakiya tauri, domin kada ta riƙa sunkuyawa idan ta tsaya. Tayar gaba marar ja kuma ka ɗaura ta a kan rami mai tsawo da noti, yadda za ka iya matsar da ita gaba ko baya, domin sabuwar sarƙa tana miƙewa bayan ta fara aiki, kuma za ka bukaci sake ɗaure ta. Maganar firam ɗin ƙarfe kuwa, Malam Ɗan Panteka ya fi ni gaskiya; ka bi tasa, sai dai ka auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu kafin mai walda ya ƙarasa ɗinkinsa, ka tabbata awon biyu sun zo daidai.