Dangwala Yatsa Ba Yarda Ba Ce

Gwaggon Yara:
Salamu alaikum. Labarin matan ƙabilar Kecuwa na ƙasar Peru ne ya hana ni barci jiya. Amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara, zuciyata na ƙuna,
Kan matan duwatsun Peru da aka raba da haihuwa.

Daga 1996 zuwa 2000, zamanin shugaban ƙasa Fujimori,
Sama da 270,000 aka juya wa mahaifa, ba dawowa.

Yawancinsu talakawan ƙauye, Kecuwa suke ji,
Takarda da Sifaniyanci, kuma babu mai fassarawa.

An ce dangwala nan, ta dangwala yatsa,
Wata don alkawarin abinci, gidanta ana yunwa.

Mamerita Mestanza, uwar bakwai a yankin Kahamarka,
Ma'aikatan lafiya sun dame ta da zuwa da dawowa.

Wai mai 'ya'ya fiye da biyar hukuma za ta kama,
A 1998 ta miƙa wuya don tsoro da takurawa.

Kwana kaɗan da aikin ciwo ya ci ƙarfinta,
Miji ya nemi agaji, ta cika a gida ba mai dubawa.

Nas Mai Aikin Dare:
Gwaggo sannu, kukanki nawa ne, sai dai ina fargaba,
Kar mata su ji wannan, asibiti su daina zuwa.

Na riƙe hannun mai kunika, jini ya ƙare mata,
Tazarar haihuwa ta tsamo ta, ga ta nan da rayuwa.

Laifin na wanda ya yanka wa ma'aikata adadi,
Kawo mata kaza a wata, ko aikinka ya yi tangal-tangal da faɗuwa.

Malam Na Zaure:
'Yata, ban musa miki ba, amma ki leƙa Girinlan,
Ƙasar ƙanƙara, inda a lokacin Denmak ke da ikon hukuntawa.

Daga 1966 zuwa 1970, matan ƙabilar Inuwit kusan 4,500,
An sa musu robar mahaifa ta hana ɗaukar ciki, da yawa ba tambayawa.

Naja Lyberth tana 'yar makaranta aka kira ta gun likita,
Iyayenta ba su sani ba, ta girma tana haɗiyewa.

Sai 2025 Firaministar Denmak Frederiksen ta nemi gafara,
'Yan matan jiya sun yi furfura, wasu ƙasa ta rufe tuntuni da daɗewa.

Gwaggon Yara:
Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. 'Yata Nas, saurara.

Ban ce a guji asibiti ba, ni ma can na haihu,
Na ce a tambayi mai jikin da harshen da take ganewa.

Kuma wahalar matan Peru ba ta tsaya a gadon tiyata ba,
Wasu sun koma gida miji ya juya baya, gori da tsangwama da korawa.

Mai noman dankali a gangare, ciwon mara ya hana ta sunkuyo,
Ga duka a ɗaki, ga ofis mai nisa, wa za ta je ta gaya wa?

A 2003 gwamnatin Peru ta amsa laifinta kan Mamerita,
Fujimori ya mutu a 2024, kan wannan ba a kai ga yanke masa hukunci ba kuwa.

Nas Mai Aikin Dare:
Na karɓa, Gwaggo. Kin tuna min wata baiwar Allah.

Ta zo awo da mijinta, shi ke amsa kowace tambaya,
Na ɗaga hannun rigarta zan gwada jini, na ga tabon bulala yana warkewa.

Na ce Alhaji ɗan ba mu wuri, na ja labule,
Fulatanci take ji, na nemo mai shara ta zo tana fassarawa.

Ta yi shiru ya kai minti biyar tana murza bakin mayafi,
Ban miƙa mata takarda ba, na ba ta ruwa, muka zauna tana faɗa ina saurarawa.